Da tsohuwar zuma ake magani

Duk wanda ya ratsa wani lungu a wata unguwa ta gabashin Yamai bayan la'asar, zai ji ƙarar ƙarfe na tasowa daga bayan wata katanga ta ƙasa. Ƙarar ba ta da gaggawa, irin ta mutumin da babu mai jiran aikinsa a bakin ƙofa. Mai gidan dattijo ne wanda ya ba shekara 70 baya, tsohon ma'aikacin kuran, kuma abin da yake durƙushe gabansa a ƙarƙashin rumfar zana shi ne injin wankin kwanoni ƙirar Jamus, wanda ya girmi babban ɗansa da shekara biyar. Mai karatu na iya yin dariya, kuma ba shi ne na farko ba. A ƙasar da yarinya ɗaya, da daro biyu da guntun sabulu, take wanke kwanonin gida kakaf tun rana ba ta yi zafi ba, ina amfanin akwatin ƙarfe mai shan ruwa da kuran? Maƙwabta sun daɗe da yanke hukunci: kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Daga arewa labarin ya faro. A shekarar 1971 aka fara fitar da ƙarfen uraniyom a Arlit, garin da aka gina cikin hamada domin wannan aiki. Malam, kamar yadda mutanen unguwa ke kiransa, ya isa can a 1976 yana saurayi, riƙe da takardar shaidar aikin kuran da ya samo a Maraɗi. Aka ɗora masa kula da gidajen injiniyoyi Anasaru, waɗanda ke cike da kayan Turai: firigo, na'urar sanyaya ɗaki, injin wankin tufafi, da wannan akwati da bai taɓa jin labarinsa ba. A garin da kayan gyara ke ɗaukar watanni kafin su iso daga Faransa, dole mai gyara ya fahimci abin da ke gabansa, ko kuwa uwargida ta kai ƙararsa buro. Abin da ya cece shi takarda ce guda, wadda masu ƙira ke liƙawa a cikin murfin injin, shema, wato zanen hanyar kowace waya. Da ita ya koyi karanta inji kamar yadda ake karanta wasiƙa.

Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, Anasaru suka fara tattara nasu ya nasu. A 1987 wani iyali da ke shirin komawa gida suka bar masa injinsu, domin kuɗin ɗaukarsa ya fi kuɗinsa. Da aka rage ma'aikata, rabon ya faɗa kansa, sai ya loda injin a bayan kamiyo tare da katifu da tukwane, ya biyo ta Agadas da Tawa har Yamai. Niyyarsa ita ce ya tashe shi idan ya zauna. Bai gama zama ba sai ga watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa: tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma 100, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Mai neman abin sakawa a bakin salati ba ya tunanin robar ƙofar inji. Hajiya ta lura cewa ƙofar na rufuwa gam, ɓera ba ya shiga, sai ta mai da shi ma'ajin shinkafa da sukari. Haka ya zauna shekara 25.

Cikin waɗannan shekaru Malam ya ci abinci da gyaran fanka da firigo da rediyo, ya aurar da ɗiya, ya kai wasu lakwal har suka sami aiki. Amma sannu a hankali sana'ar ta riƙa zame masa. Kayan da ake kawo masa sun sake hali: in ya buɗe, sai ya tarar da kati guda, kore, mai ƴan ƙwayoyi kamar gero, wani lokaci an zuba masa ƙaro ya daskare ta yadda ba a iya taɓa komi. Babu shema, babu abin da za a goge ko a naɗe. Magana ɗaya ce kullum: a sayo sabon kati, in akwai shi. A 2019 ɗiyansa suka roƙe shi ya huta, tunda ido ya fara rauni. Ya huta wata uku a kan tabarma, yana jin labaru a rediyo, yana ramewa ba tare da ciwo ba. Ran nan da safe ya tashi ya kwashe buhunan da ke cikin injin ya jere su a tsakar gida.

"Malam, shinkafar tawa a ina za ta kwana?" in ji Hajiya.

"Ki ba ni wata uku, Hajiya."

Wata ukun nan sai da ya cinye shekara biyar.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikinsa ba, injin wankin kwanoni ba shi da hannu, ba shi da soso. Ruwan pompo na shiga ta wata ƴar ƙofa da maganaɗisun kuran ke buɗewa, ya taru a gindin akwatin. Wani lanƙwasasshen ƙarfe, rezistansi, ya ɗumama shi zuwa digiri 55 ko 65. Sa'annan moto ya juya wata ƴar farfela da ke tura ruwan da ƙarfi cikin sanduna masu huda. Hudojin a karkace suke, saboda haka fitar ruwan kanta ke juya sandunan, suna watsa shi ta ko'ina. In an gama, a zuƙe ƙazamin ruwa a fitar, a shigo da sabo domin ɗauraya. Mai ba da umarnin duk wannan a tsofaffin injuna shi ne abin da masu gyara ke kira programatar: ƙaramin moto mai tafiya kamar agogo, yana juya jerin faifai masu tudu da kwari, kowane tudu na danna harshen tagulla ya haɗa waya ko ya raba ta. Duk tunanin injin a fili yake. Mutum na iya juya shi da hannu ya ga dalilin kowane motsi.

Da ya kwance shi, Malam ya jera ɓarnar a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Robar ƙofa da ta tiyo sun bushe suna karyewa kamar busasshen ganye. Rezistansi ya yi farin ɓawo na gishirin ruwa, sai ya jiƙa shi cikin ruwan tsami kwana da kwanaki har ya saki. Harsunan programatar sun yi baƙi, ya bi su ɗai-ɗai da takarda mai yashi. Moto ya ƙone ta gefe guda, ya warware wayar yana ƙidaya zagayenta a littafi, ya sake naɗa sabuwa daidai adadin. Farfelar ce ta ƙi: ta roba ce, fukafukanta biyu sun karye, kuma babu kantin da zai sami irinta. Ya yi wata shida yana juya ta a hannu. Daga baya ya tuna da maƙeran Abzin da ya sani a arewa, yadda suke siffanta abin wuya da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Ya nemi wani maƙerin farfaru a Yamai, suka cika fukafukan da kaki, aka zubo masa farfela ta tagulla. Sati uku ya yi yana goge ta da magagari kafin ta daina rawa a kan sandarta.

Cikin haka rumfar ta ƙara cika. A kasuwar Katako, inda babu ƙarfen da ke mutuwa, ya samo gawar injuna biyu domin ciro kayan gyara, da wani na uku ƙirar Amurka wanda wani baƙo ya bari. Nan ne babban ɗansa ya ga abin ya wuce wasa. Ma'aikacin gwamnati ne mai aikin lissafi, kuma da takarda ya zo.

"Baba, ka yi mini haƙuri in faɗi abin da na gani. Sabon inji na yau da lita 10 yake wanka, ko kusa da haka. Wannan naka sai ya sha ninki huɗu ko biyar. Rezistansinsa kaɗai na jan kuran kamar fanka talatin. Ko ya tashi, faktir ɗin wata ɗaya ya isa ya kwantar da shi. Ga mai sayen tsohon ƙarfe ya yi tayi saboda jan ƙarfen da ke cikin motocin. Ka bari a ɗauke su."

Malam ya karɓi takardar ya duba, ya miƙa masa. "Lissafinka daidai ne, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Amma ka faɗa mini, a gidanka akwai abu guda mai aiki da kuran wanda in ya tsaya ka san abin da ya tsai da shi?" Ɗan ya yi shiru. Bai gamsu ba, amma bai sake kawo mai sayen ƙarfe ba.

Gaskiya ɗan ya faɗa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba: tsohon inji ba ya rage wa kowa kuɗin ruwa. Masu irin wannan sha'awa a Amurka da Turai sun san haka sarai. Can akwai mutanen da ke cika garejinsu da injunan shekarun 1950 zuwa 1970, suna tafiya mai nisa domin ɗauko wanda za a jefar, suna musayar kayan gyara tsakaninsu. Waɗanda suka fi daraja a idon Amurkawa su ne na KitchenAid da kamfanin Hobart ya fara fitarwa a 1949, kafin sunan ya koma hannun Whirlpool a 1986. Asalin wannan gida kuwa mace ce. Josephine Cochrane, mai zaune a garin Shelbyville na jihar Ilinoi, ta gaji da ganin ana fasa mata bakin farantan gado wajen wanki. Mijinta ya rasu a 1883 ya bar ta da bashi, sai ta duƙufa tare da wani makanike, George Butters, suka ƙera inji mai wanki da ƙarfin ruwa, kwanonin na tsaye cikin ragar waya. Ta sami takardar mallakar ƙirar a watan Disamba na 1886, ta nuna injin a baje kolin duniya na Shikago a 1893. Otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye, domin gidajen mutane ba su da isasshen ruwan zafi. Ta rasu a 1913, Hobart ya sayi kamfaninta a 1926. A Jamus kuma, kamfanin Miele ya fitar da nasa mai aiki da kuran a 1929.

Wannan labari ya shigo gidan Malam ta bakin wadda ba a zata ba. Akwai jikanyarsa da ake riƙo a gidan, ƴar shekara 13 a lokacin, wadda wankin kwanoni ke kanta safe da yamma. Tana wanki a gefen rumfar, tana kallo. Da fari miƙo kusa take yi, daga baya ta zama idonsa: ita ke karanta masa ƙananan lambobin da ke kan shema, tunda shi sun fara haɗe masa. Ita ce ta ji labarin matar Amurka a lakwal ta kawo masa.

"Tsoho, ashe mace ce ta ƙera abin da ya gagare ka shekara uku."

"Amarya, in kin isa ki karɓi aikin kishiyarki, ga shi nan."

Ba da daɗewa ba ta nuna ta isa. Injin Amurka ya ba Malam mamaki: ya sa masa taransifoma mai sauko da kuran daga 220 zuwa 120, programatar ɗinsa na juyawa, amma kullum a makare. Ya kwance, ya shafa mai, ya mayar, bai sake ba. Yarinyar ta karanta ƴar farantin da ke jikin moton, ta ga 60, ta duba na Jamus, ta ga 50. Ya bayyana mata cewa kuran Amurka na kai da komowa sau 60 cikin daƙiƙa, na Nijar da na Turai sau 50, kuma ƙaramin moton da wannan bugun yake ƙidaya lokaci. Ta ɗauki alƙalami ta yi lissafi a bangon littafinta: aikin minti 60 zai ɗauki minti 72. Suka aza agogo. Minti 72 cif. Abin da Malam ya sani shekara arba'in ya manta, ita ta tono shi da lissafin aji.

Gwajin farko na injin Jamus, a farkon 2023, kunya ya jawo. Malam ya yanka robar ƙofa daga tsohuwar robar cikin taya. Ruwan zafi da sabulu suka sassauta ta, ruwa ya ɓulɓulo ƙasa, ga shi kuma sabulun gari na wankin tufafi ya zuba, kumfa ya cika akwatin ya biyo ƙofa. Ya kai hannu jikin ƙarfen, kuran ya fizge shi ya yar da shi a kan tabarma. Shi da ya yi shekaru yana gargaɗin yara a kan wayar ƙasa, ɗoki ya sa bai haɗa ta ba. Da yarinyar ce ta riga shi taɓawa, da labarin ya zama wani. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai: "Malam, kai ka ci zamaninka. Ita fa amana ce." Ta hana yarinyar kusantar rumfar.

Wata biyar bai taɓa injin ba. A watan Agusta na wannan shekara, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke kuran da take turo wa Nijar, unguwanni suka riƙa kwana cikin duhu. Cikin wannan zama ne ya yi abin da ya kamata ya fara da shi. Ya haƙa rami a gindin rumfar, ya kafa doguwar sandar jan ƙarfe, ya ɗaure ta da jikin injin. Ya sayo ƙaramin makashi mai yanke kuran da kansa da zarar ya fara zurara. Ya nemo robar ƙwarai, irin mai jure zafi, a wajen masu gyaran manyan murhunan gidajen burodi. Sa'annan ya je ya zauna gaban Hajiya, ya amsa laifinsa, ya nuna mata kowane abu da amfaninsa. Ta amince da sharaɗi ɗaya: babu hannun da zai shiga injin sai filogi na cikin aljihun mai aikin. Har yau wannan ce dokar farko a rumfar.

A watan Afrilu na 2024, bayan kuran ya daidaita, aka sake gwaji. An sayo ƙunshin sabulun da aka yi domin inji, maras kumfa. Aka jera kofunan shayi, da farantai, da cokula, Hajiya kuma ta kawo tukunyar tuwon jiya da ƙanzonta, ta ce a sa. Yarinyar ce ta murɗa programatar. Aka ji ruwa ya shiga, aka ji tsit, sai farfelar tagulla ta ɗauka, sandunan suka fara dukan bangon akwatin da ruwa, shaa, shaa, kamar farkon damina a kan rufi. Malam ya aza tafinsa a kan ƙofar yana jin ɗumi na hawa, bai ce uffan ba har aka gama. Da aka buɗe, tururi ya tashi, kofunan na ƙyalli. Tukunyar kuwa ta fito da ƙanzonta daram, har ta ƙara duhu, domin sabulun inji ba ya shiri da sanholo. Hajiya ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Ranar kowa ya ci nasa rabon gaskiya.

Abin lura ga ƴan kasuwa da ma'aikata, waɗanda su ne masu shigo da kayan kuran da masu sayensu, shi ne cewa ƙasashen da ke ƙera kayan su ma sun fara damuwa da abin da ya kori Malam daga sana'arsa. A 2009 wata ƴar jarida, Martine Postma, ta buɗe zauren gyara na farko a Amstardam, inda masu sani ke taimaka wa maƙwabta kyauta. A 2015 Faransa ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi a gaban shari'a. A 2021 ta wajabta liƙa wa wasu kaya maki bisa goma mai nuna sauƙin gyaransu, injin wankin kwanoni ya shiga jerin a watan Nuwamba na 2022. Tarayyar Turai kuma, daga watan Maris na 2021, ta tilasta wa masu ƙira su ajiye kayan gyaran irin wannan inji shekara 7 zuwa 10. Abin da suke ƙoƙarin maido da shi ta hanyar doka, a Katako da kasuwannin Maraɗi da Damagaram talauci ne ya riƙe shi. Sai dai gyaran dole gyaran gaggawa ne: a ɗaure, a liƙe, ya kai gobe. Ba ya barin lokacin zama a gane dalili, kuma masu gane dalilin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an tambaye su komi ba. Mai sayen firigo ko injin niƙa ba zai yi asara ba in ya tambaya tun a kanti: da kusa aka rufe shi ko da ƙaro, kuma wa zai iya buɗe shi a garin nan?

Da yarinyar ta ci jarrabawar brebe a 2024, ta ce lise na fasaha take so, sashen kuran. Uwayenta suka yi ta jan ƙafa, ga kuma kuɗin kayan aiki da na zuwa da dawowa. Malam da kansa ya aika aka kira mai sayen ƙarfen da ya taɓa kora. Aka ɗora gawar injunan nan biyu a kan sikeli, aka bi da na Amurka, wanda ya sha wahalarsa shekara biyu. Bai tsaya kallon lodin ba. Da kuɗin aka sayo mata na'urar awon kuran, da akwatin kayan aiki, da tsohon keke.

Na Jamus na nan a ƙarƙashin rumfa. Sau ɗaya a wata ake tashinsa, domin robar kada ta bushe, sai kuma ranar salla in baƙi sun yi yawa. Sauran kwanaki daro biyu da guntun sabulu ke aikinsu kamar da, shinkafar Hajiya kuma ta koma cikin tsohuwar ganga. Shemar da ta zo daga Arlit ta yi laushi, ninkinta ya fara yagewa, saboda haka yarinyar ta sake zana ta da hannunta a babbar takarda, da manyan lambobi yadda dattijon zai iya gani. A makon jiya wata maƙwabciya ta aiko da fankarta da ta daina juyawa. Yaron da ya kawo ta ya gaida Malam, sa'annan ya tambaya ko jikanyarsa ta dawo daga lakwal.